Mafarkin Rumbu

Tun damanar shekara ta 2004 nake fama da wani mafarki wanda har yau bai yi mini sallama ba. Kullum kamarsa ɗaya. Sai in gan ni a bayan gidanmu, cikin wani ƙauye na ƙasar Mayahi, tsaye gindin babban rumbun mahaifina. In hau tsani, in ɗaga jinka, in leƙa. Da farko gero nake gani cike har wuya, zangarniya bisa zangarniya. Da na miƙa hannu sai ya rikiɗe ya zama rairayi, ya dinga zurarewa ta wata kafa da ba na gani, ni kuma in rufta ciki. Daga waje ina jin yara suna kiran sunana, ina son in amsa, harshe ya ƙi motsi. A nan nake farkawa, jiƙe sharkaf da zufa, ƙirjina kamar an kifa mini turmi.

A lokacin ina koyarwa a wata lakwal ta birnin Yamai, nesa da gona da rumbu. Abin da aka hore mu da shi tun muna makarantar allo shi na fara yi: wanda ya ga mummunan mafarki ya yi tofi ta hagu sau uku, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, ya juya kwanciya, kada ya ba kowa labari. Na yi, kuma nakan samu barci ya dawo. Amma in zan faɗi gaskiya, wannan umurni na yin shiru ya yi mini daɗi fiye da kima, domin akwai abin da ni ma ba na son a tona.

Gwaggona ce ta fara tsinkayar lamarin. Ta zo Yamai neman maganin ido, ta kwana a ɗakin da ke kusa da nawa, ta ji gurnanina da asuba. Da gari ya waye ta ce: “Ɗan nan, dannau ne ke hawanka. Ka daina kwanciya rigingine, ka sa wuƙa ƙarƙashin matashi, ka yi wa yara sadakar ƙosai ran Juma'a.” Gwaggo tana da ƙamus na mafarki a ka, irin wanda tsofaffinmu ke gadar wa juna ba da takarda ba. Faɗuwar haƙori rashin ɗan'uwa ne, maciji maƙiyi ne, kashi kuɗi ne, ɗanyen nama ba alheri ba ne, wanda kuwa aka ga mutuwarsa a mafarki zai yi tsawon rai. Da na ga tana zuba fassara haka, sai na yi ƙarfin hali na tambaye ta rumbu. Ta yi shiru, ta dube ni da idon nan nata mai yana, ta ce: “Rumbu ai cikin gida ne.” Ba ta ƙara ko kalma ba.

Daga nan na tafi wurin wani malami na unguwarmu, tsoho mai tarin littattafai a zaure. Na yi zaton zai buɗe littafin fassarar mafarki da ake jinginawa ga Ibnu Sirina, malamin Basra wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, ya karanto mini babin rumbu in tafi. Littafin yana nan gefensa, amma bai taɓa shi ba. Ya ce malamai sun kasa mafarki kashi uku: akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwar Shaiɗan, akwai kuma zancen da rai ke yi da kansa. Ya ce mutum biyu kan ga mafarki ɗaya, fassararsu ta bambanta, saboda haka sai an san mai mafarkin kafin a san mafarkin. Ya tambaye ni sana'ata, da wanda ya rasu mini, da wanda ke bi na bashi. Sannan ya tuna mini mafarkin sarkin Masar a cikin Suratu Yusuf, shanu bakwai ramammu suna cinye bakwai masu ƙiba. Ya ce in lura, fassarar Annabi Yusufu ta ƙare ne da aiki, wato a ajiye hatsi cikin zangarniyarsa saboda shekarun tsanani. Sai ya ɗago kai ya ce: “To, mushe, kai mi ka yi da taka zangarniyar?” Na yi godiya na tashi, ban ba shi amsa ba.

Na uku shi ne wani abokin karatuna da ya zama likita. Shi ta wata ƙofa ya shigo. Ya ce tun a 1953 masu bincike a jami'ar Shikago ta Amurka, Aserinsky da Kleitman, suka gano wani mataki na barci wanda idanu ke kai da komowa a ƙarƙashin fatarsu, kuma a nan ne mafi yawan mafarkai masu kaifi ke zuwa. A wannan mataki ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓin jiki don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani. Idan hankali ya riga jiki farkawa, sai mutum ya ji an danne shi, ba motsi ba magana: dannau ke nan. Ya ce matakin yakan fi tsawo wajen asuba, kuma kwanciyar rigingine tana ƙara jawo dannau, ashe Gwaggo ba ta yi kuskure ba. Da na matsa masa kan rairayi da rumbu, sai ya yi dariya ya ce shi ya san yadda ake dafa tuwon, amma garin daga gidana aka ɗebo shi.

Mutum uku, hanya uku, kuma duk sun ajiye ni a ƙofa ɗaya. Ga abin da ke bayanta.

Mahaifinmu ya rasu a 2002, ya bar mana gandu da rumbun tsimi, wanda ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka ko wata babbar masifa ta faɗo. Damanar 2003 ta yi kyau, rumbu ya cika. Ni kuwa na samu fili a gefen Yamai, kuɗina bai kai ba. Na je gida na ce wa ƙanena, wanda shi ke riƙe da gandu, a sussuke tsimin a kai kasuwa. Ya ce: “Yaya, Baba bai taɓa buɗe shi da rani ba.” Na ce ai ni mai albashi ne, kafin kaka zan mayar da komi. Ƙane ba ya ja da wa, musamman wan da ya yi boko. Aka sayar a lokacin da gero ba ya da daraja, na karɓi kuɗi na koma birni. Kaka ta zo ban mayar da ko tiya ɗaya ba.

Sauran labarin duk ɗan Nijar da ya ga lokacin ya san shi. Ruwan 2004 ya ɗauke da wuri, farar ɗango ta faɗa wa yankunan arewa, abin da aka girbe bai kai ko'ina ba. A 2005 buhun gero ya fi ƙarfin talaka, mata suka koma ɗibar anza suna jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Ƙanena ya jinginar da gonar da ta fi kowacce kyau a gandunmu. Ɗiyarsa, ƴar shekara biyu, gashinta ya yi ja, ƙafafu suka kumbura, uwarta ta goya ta zuwa Maraɗi, inda likitocin ƙungiyar MSF ke jinyar yara masu tamowa. Allah ya yi da sauran kwananta, ta rayu. Ni ban sayar da filin ba sai da wannan labari ya iske ni, kuma na sayar da shi da hasara.

Da na ba wasu abokai labarin mafarkin daga baya, suka ce ai nuna mini aka yi, tunda ya fara zuwa tun kafin ruwa ya ɗauke. Na so in karɓi wannan fassara, domin tana mayar da ni mutumin da ake yi wa ishara. Amma ɗan manomi ba ya bukatar wahayi kafin ya san cewa a ƙasarmu shekarar ƙoshi tana tafe da ƙanwarta a baya. Na san rumbun wofi ne, ni na wofintar da shi. Da rana ina da allo da alli da hayaniyar birni da zan ɓuya a cikinsu. Da dare kuwa babu maɓuya. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Nawa sai ya zaɓi ya riƙa murɗa mini da asuba.

Ba na raina ƙamus ɗin Gwaggo, ba na kuma cewa kowane mugun mafarki laifi ne ke bayansa. Wani zazzaɓi ne, wani tsoro ne da aka gani da ido, wani kuwa Allah kaɗai ya san tushensa. Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya tambayi mi rumbu ke nufi a littafi, ya fara tambayar mi ya haɗa shi da rumbu.

Sai da na shekara uku ina aika gero kafin muka fanshi gonar, muka sake rufe tsimi. Ranar da aka ɗora jinka na nemi gafarar ƙanena a gaban Gwaggo. Ya sunkuyar da kai ya ce: “Yaya, ya wuce.” Yarinyar nan yau matar aure ce, da goyonta. Mafarkin ya ragu ƙwarai, amma yakan leƙo ni jifa-jifa, galibi in damana ta yi gardama. In ya zo, ina yin tofina uku, in juya kwanciya. Da an sallame sallar asuba sai in ɗauki waya in kira gida, mu gaisa, in tambayi ruwa, in tambayi yara, sannan in ce: “Rumbu fa?” Shi kuma ya yi dariya ya ce: “Yana rufe, Yaya. Koma ka kwanta.”