Jaki ya kwanta, kaya na nan

Duk wanda ya san ƙasar Madawa ya san bazara lokacin albasa ne. Daga watan Maris zuwa Afrilu ake cire ta a kwarin Tarka da na Majiya, a zuba wata cikin rudu a jira ta yi kuɗi, a ɗora wata bisa manyan motoci zuwa Akara, Kumasi da Abijan. Cinikin nan kuwa kan amana yake tafiya. Manomi ya ci bashin iri da taki da man injin ban ruwa, dillali ya ɗauki buhuna ya ce sai mota ta dawo, mai mota shi ma ya ce sai an sayar. Saboda haka wanda ke riƙe da lissafin jama'a, zaman lafiyarsu ne yake riƙe da shi.

A Azarori, inda Hausawa da Abzinawan Kel Geres ke zaune tare, wani dattijo ne ke riƙe wa wata ƙungiyar manoma da ƴan kasuwa lissafinta. Tsohon malamin lakwal ne da ya yi ritaya, don haka har yau Mushe ake ce masa. Da can cikin manyan littattafai yake rubutu, har ranar da ƙungiyar ta saya masa kwamfutar tebur ta gwanjo, irin mai akwatin ƙarfe da gilashinta daban. Irin waɗannan sun fara yawaita a karkara ne bayan zaɓen 24 ga Yuli 2004, wanda ya ba ƙananan hukumomi 265 na ƙasar nan majalisunsu, aikin takarda ya sauko daga manyan garuruwa zuwa ƙauyuka. Yawancinsu sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano, Lome ko Legas, wasu kuma su ratso ta shagunan titin Beirut na Kano. Tasa da Windows XP ta zo, wanda ya fito a 2001, kamfanin Microsoft kuma ya daina kula da shi ranar 8 ga Afrilu 2014. Wannan bai dami Mushe ba, tun da ba ya shiga intanet, jerin sunaye da buhuna da bashi kawai yake so. A hankali ya saki littafi ya kama inji, har aka shekara biyar bai sa alƙalami a takarda ba.

Wata bazara, saura kwana huɗu a yi zaman rabon kuɗin motar da ta dawo daga Gana, aka tada gurup, wato ƙaramin injin wutan da ke ba ɗakin lantarki, Mushe ya danna maɓalli, kwamfuta ta yi shiru. Babu fitila, babu ƙarar fanka. Ya sake dannawa har sau bakwai, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kango.

Kafin azahar labari ya gama gari, kowa kuma da shawararsa. Wani ya ce a kai ta Kwanni a goge ta a sake zuba mata Windows, haka aka yi wa ta wani ta warke. Wani ya ce ta tsufa, a jefar a sayi wata. Amma maganar da ta fi zafi ita ce wadda ba a faɗa a gabansa ba: me ya sa inji bai mutu ba sai da rabon kuɗi ya ƙarato? Mutumin da ya koyar da rabin masu wannan magana karatu, sai ga shi ana kallonsa da wutsiyar ido a ƙofar masallaci. Daren nan bai ci tuwo ba.

Washegari ɗan ƙanwarsa ya iso daga Maraɗi, inda ya koyi gyaran rediyo da kwamfuta. Bayan gaisuwa, bai taɓa sukurudireba ba sai da ya zauna ya yi tambaya.

"Kawu, ku gaya mini abin da ta yi, daga farko. Ta yi ƙara? Ta yi wari? Wani abu ya fito a gilashi?"

"Ɗana, ba ta yi komai ba. Shekaranjiya da dare ina cikin aiki gurup ya yi tari, fitilar ɗaki ta yi haske fiye da kima, ta mutu. Na ce gobe na ci gaba. Ka ga goben."

"To Kawu, ku kwantar da hankalinku. Jaki ne ya kwanta. Mu fara duba kayan da ke bayansa."

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya fahimci abin da saurayin ya sani, wanda masu ba da shawara ba su sani ba. Ƙin tashin kwamfuta iri uku ne, kowanne kuma da inda yake nuni. Na farko, ta yi shiru ɗungum kamar dutse: wannan maganar wuta ce, daga bango zuwa akwatin da ke rarraba ta a ciki. Na biyu, fanka ta juya, fitila ta kama, amma gilashi ya tsaya baƙi, wani lokaci da ƴar ƙara ɗit-ɗit: wuta ta shiga ke nan, sai dai binciken da inji ke yi wa gaɓoɓinsa duk lokacin da aka kunna shi ya ci karo da wata gaɓa marar lafiya, ƙarar nan kuwa ita ce hanyar da yake faɗin inda ke masa ciwo. Na uku, rubutu ya fito, sannan ta tsaya ko ta riƙa komawa farko: a nan ne kaɗai ake fara zargin faifan ajiya ko Windows. Wanda ya ce a goge inji alhali ko fitila ba ta kama ba, daidai yake da wanda jakinsa ya yi targaɗe ya je ya cinna wa rumbu wuta. Gogewa ba ta gyara wuta, lissafin shekara biyar kawai za ta cinye.

Saurayin ya bi abin daki-daki, daga mai arha zuwa mai tsada, daga waje zuwa ciki. Ya sa rediyo a soket, ta yi magana. Ya sauya igiyar wuta da ta gilashi, shiru. Ya leƙa bayan akwatin ya duba ɗan jan maɓallin nan mai lamba 115 da 230. Wannan ɗan abu ya kashe injuna da yawa a ƙasashenmu, domin wutar Amurka 120 ce, tamu kuwa 220, in aka bar shi a kan 115 aka jona, ƙara ɗaya da hayaƙi ne ƙarshen zance. Nasu yana kan 230. Sai ya zare komai daga bango, ya kwance murfi, ya taɓa ƙarfen akwatin da hannu don ya sauke wutar da jiki ke tarawa lokacin rani, wadda ke iya lalata ƙananan kayan ciki ba a gani ba.

Daga nan ya juya ga akwatin rabon wuta. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango ya mayar da ita ƙanana: 12 a rawayar waya, 5 a ja, 3.3 a mai ruwan lemo, baƙa kuma ita ce ta ƙasa. Tun 1995, da kamfanin Intel ya fito da tsarin da ake kira ATX, yawancin injunan tebur haka suke. Akwai kuma koriyar waya guda ɗaya tak, wadda in aka haɗa ta da baƙa akwatin zai tashi ko ba a jona shi da uwar allo ba. Ya zare babban filogin daga uwar allo, ya lanƙwasa ƴar waya ya haɗa koriya da baƙa, ya kunna. Fankar akwatin ko motsi ba ta yi ba. Ya kai hanci, ya ji ƙauri. Mushe ya miƙo wuƙa ya ce a buɗe a gani.

"A'a Kawu, wannan ba a buɗe shi. Akwai manyan kwandansa a ciki da ke riƙe wuta ko an zare daga bango, suna iya kashe mutum. Sauya shi ake yi."

An gano mai laifi, amma saurayin bai yi murna ba tukuna, domin wutar da ta ƙone akwati tana iya zarcewa ta taɓa faifai. Ya kwance faifan ajiya, wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, ya naɗe shi cikin rawani, suka hau babur zuwa Madawa. A shagon wani mai buga takardu aka jona shi a wata kwamfuta a matsayin baƙo. Saurayin ya kara kunne. Faifai mai lafiya juyawa yake da ƴar gunji mai laushi, wanda ya lalace kuwa ƙwas-ƙwas yake yi, kuma in aka ji haka sai a kashe nan take, don kowane juyi ƙara ɓarna yake. Wannan ya juya lafiya lau. Sunaye suka fito, buhuna suka fito, bashin kowa ya fito har na wanda ya fi kowa surutu a ƙofar masallaci. Aka kwafe a filash biyu, aka buga a takarda shafi-shafi. Mushe ya riƙe takardun a ƙirji, bai ce komai ba sai hamdala.

Sai bayan wannan aka koma kan jakin. A wurin wani mai gyara suka samo akwatin wuta na wata matacciyar kwamfuta, saurayin ya gwada launin wayoyi ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya, saboda akwai kamfanonin da a wasu shekaru suka sauya jeren wayoyinsu alhali filogin iri ɗaya ne. Da aka ɗaura, fanka ta juya, amma gilashi ya tsaya baƙi, ga ƙara tana maimaituwa. An fita daga ciwo na farko an shiga na biyu. Ƙurar hunturu ta shekaru ta yi kauri a ciki kamar bargo. Ya fitar da akwatin waje ya hure shi da famfon keke, ya riƙe fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙarfinta. Ya ciro sandunan ƙwaƙwalwar aiki, waɗanda masu gyara ke kira ram, ya goge haƙoransu na ruwan zinariya da abin goge fensir, ya mayar da guda ɗaya ya gwada, sannan ya ƙara ta biyu. Ya kuma duba kawunan ƙananan kwandansan da ke jere kusa da furosesa. Injuna masu yawa na farkon shekarun 2000 an sa musu kwandansa masu gurɓataccen ruwa, waɗanda ke kumbura ko su yi tsatsa a ka, zafi kuma na gaggauta mutuwarsu: ƙa'idar masu sana'ar ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanansu. A ƙasar da bazara ke wuce digiri 40 a inuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Nasu kawunansu a shafe suke.

Rubutu ya fito, amma ya tsaya yana neman a danna F1, kwanan wata kuma ya koma baya da shekaru. Wannan shi ne ciwo mafi arha. A kan uwar allo akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, mai ƙarfin 3, faɗinsa milimita 20, shi ke riƙe agogo da saitin inji idan an kashe. In ya ƙare, inji kan manta ranar da yake ciki, wani lokaci har ya manta ta wace ƙofa zai nemi faifansa. A teburin mai agogo ake samunsa, bai kai jika guda ba. Aka sa sabo, aka gyara rana da sa'a, kwamfuta ta tashi. Ranar rabo Mushe ya zo da takardu, ya karanta sunan kowa da abin da yake bi da abin da ake binsa, aka watse ba a ɗaga murya ba.

Abin da ya faru a Azarori yana iya faruwa a kowane ofishi da kowane shago daga Buza zuwa Keita. Ko garuruwan da ke kan layin NIGELEC sun ga yadda wuta ke yi tun daga watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wadda take turowa, har zuwa Maris 2024 da aka maido ta: ɗaukewa da kawowa, da komawa kan gurup, su ne ke cin akwatunan wuta. Maganin kuwa sananne ne. A tada gurup ya daidaita kafin a jona inji, a zare inji kafin a kashe gurup. A sa na'urar daidaita wuta tsakani, in da hali a ƙara da akwatin batir mai riƙe wuta na ƴan mintoci. A ɗaga inji daga ƙasa, a rufe shi da zane in ba ya aiki, a yaye in an kunna, a hure ƙura bayan kowane hunturu.

Amma duk wannan kula da jaki ne, jaki kuwa komai kulawa wata rana zai kwanta bai tashi ba. Akwatin wuta da batir da ram duk ana samunsu a kasuwa. Jerin bashin ƴan kasuwa, da rajistar haihuwa, da takardun filaye, da lissafin haraji, babu kasuwar da ake sayar da su. Ma'aikacin da ya tara waɗannan a faifai guda, mutuncinsa ya rataya a kan ƙarfen da ya girmi wasu ƴaƴansa. Kowace Juma'a a kwafe a filash, ɗaya a aljihun tebur, ɗaya a wani gida daban. Kowane ƙarshen wata a buga a takarda, mutum biyu su sa hannu. In kuma an kai inji wurin mai gyara, kalmar farko da za a faɗa masa, tun kafin a yi ciniki, ita ce kada ya goge komai sai an kwafe. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Allah ya tsare mana amana, ya kuma raba mu da zargin da ba mu ji ba ba mu gani ba.