Sojan sama mai gina rami

Akwai wani tsohon sojan sama na Amurka da bai taɓa tuƙa jirgi ba. Aikinsa wayar tarho ne, a tsibirin Niyufanlan, wanda ya shiga ƙasar Kanada a 1949.

Lokacin yaƙin duniya na 2 ne sojojin Amurka suka ja waya tsakanin sansanoninsu na tsibirin. Sun bi hanyar jirgin ƙasa, mai tsawon fiye da kilomita 800, domin babu hanyar mota mai ratsa dajin. Jirgin ƙasa ne ke kawo musu itace da waya da abinci.

Abin da tsohon ya fi tunawa shi ne gina ramin itacen waya. Nan dutse, can taɓo. Da sanyi kuma, ƙanƙara kan daskare bisa waya har ta tsinke. Sai su fita cikin iska, su hau itace su ɗaura. In sun yi jinkiri, labarin hadari ba ya isa filin jirgin Ganda da wuri, ga kuwa rayukan matuƙa.

An rufe hanyar jirgin ƙasan a 1988. Tsohon bai taɓa raina aikinsa ba. Ya san mai tashi sama da mai gina rami yake dogara.