Rumbun maraya

Ƴan uwana da muke haɗa kafaɗa a sahu.

Shekara 14 ke nan da aurena, Allah bai nufe mu da haihuwa ba. Kun sani, kara ce ta hana ku furtawa a gabana. Yanzu akwai wani jinjiri ɗan wata takwas a dangin maiɗakina. Ubansa ya rasu, uwarsa ta bi bayansa, kakar da ke riƙe da shi ƙarfinta ya ƙare. Mun roƙi a ba mu riƙonsa. Dangin ubansa za su zauna bayan Juma'a mai zuwa, kuma sun ce sai sun tambayi mutanen masallacinmu halina. Shi ya sa liman ya ba ni izini in gaya muku ko ni wane ne.

Ɗan manomi ne ni, daga wani ƙauye a ƙasar Tasawa. Na san hauya kafin in san allo. Gero muke shukawa, mu ratsa shi da wake, kuma tun ina ɗan shekara bakwai nake bin baba da ƙwaryar iri. A gidanmu rumbu biyu ne. Ɗaya namu, ɗaya na ɗan ƙanen baba, maraya, wanda muka tashi da shi a akushi ɗaya da tabarma ɗaya. Baba ne ke noma gonar da ubansa ya bari, amma damin da aka ɗaure a can bai taɓa kwana a rumbunmu ba.

A yunwar 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa sun ɓata daminar 2004, rumbunmu ya ƙare, har muka ci anza. Baba bai buɗe na maraya ba sai da ya kira dattawa biyu. A gabansu aka auna kowace tiya a matsayin rance, da kaka kuma a gabansu ya mayar. Da yaron ya mallaki hankalinsa aka damƙa masa gonarsa da rumbunsa. Yau magidanci ne a Damagaram, da sunan ubansa ake kiransa, kuma duk salla yana zuwa gaishe da inna kafin ni.

Ni kuwa malamin makaranta ne a nan Maraɗi, shekara 12 ina koyar da ƙananan aji. Albashin ba yawa, amma tukunyarmu ba ta kwana a kife. Da yamma ina kiwon tantabaru, ina ban ruwan zogale da yakuwa a bayan ɗaki, kuma idan lokacin kokowar takobi ya zo, rediyo ba ya barin kunnena. Mu shida ne a wurin inna, duk mako biyu nakan je ƙauye in duba ta.

Ba zan ɓoye muku ba: zuciyata ta so in sa sunana a takardar haihuwar yaron nan, don mutane su daina dubana da tausayi. Liman ya tuna mini da Zaidu ɗan Harisa, wanda ake jingina wa Manzon Allah (SAW) har aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzabi suka sauka, aka umarta a kira kowa da sunan ubansa. Na kwana ban runtsa ba, da asuba na tuna rumbun baba.

Ga alkawarina a gabanku. Yaron zai riƙe sunan ubansa, zai san danginsa. Ba zai gaje ni ba, don haka zan yi masa kyauta tun ina da rai, in bar masa wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Ƙanwar maiɗakina tana goyo, ta yarda ta shayar da shi kafin ya cika shekara biyu, domin ya zama muharramin matar da za ta rene shi. Abin da iyayensa suka bari kuwa, da shaidu za a rubuta shi.

Idan an tambaye ku, ku faɗi gaskiya, har da saurin fushina da kuka sani. Amanar yaron ta fi fuskata nauyi. In an ba mu shi, ku taya mu da addu'a da ido. In an hana mu, Allah Ya ba shi hannun da ya fi namu.

Wassalamu alaikum.