Ranar da na hau Dutsen Olumo

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu,

Da yawanmu sai mu shekara huɗu ko biyar a garin mutane, amma wurare huɗu kacal muka sani: ɗakin lakca, hostel, masallaci, sai Sabo in an yi marmarin tuwo. Mu na Abeokuta abin ya fi ban haushi, don sunan garin ma "ƙarƙashin dutse" yake nufi, kuma dutsen, wato Olumo, yana cikin gari. A nan mutanen Egba suka samu mafaka lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Yarabawa wajen 1830. Tsayinsa mita 137.

Ni dai ba rashin lokaci ne ya hana ni zuwa ba, tsoro ne. Ina ɗan shekara tara yayana ya faɗo daga bishiyar mangwaro a gaban idona, har yau yana ɗingishi. Tun daga nan ko baranda a hawa na uku ba na iya leƙawa. Na yi wata shida a Kano, Dala ma daga ƙasa nake gaishe shi.

Bayan jarabawa muka haɗa kuɗin mota mu bakwai muka tafi. Akwai matakala da aka gina, amma sashen ƙarshe ta tsohuwar hanya muka bi: wani matsattsen lungu tsakanin manyan duwatsu, wani wurin tsani, wani wurin hannu da ƙafa. A tsakiyar lungun nan gwiwoyina suka fara kaɗawa, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf. Gaba ta gagara, baya ta gagara, ga mutane sun yi layi suna jirana. Wallahi duk addu'ar da na haddace sai da ta fito.

Mai yi mana jagora, wani dattijo Bayarabe, bai yi mini dariya ba. Cewa ya yi, "Malam, bar kallon ƙasa, bar kallon sama. Ina za ka sa ƙafar dama?" Na nuna masa. Ya ce to sa. Sai ta hagu. A haka, taku ɗaya ɗaya, na fita. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga abin da na koya, ko zai amfani mai niyya. Kullum gaɓoɓi uku su kasance a kan dutse, ɗaya kawai ke motsi. Ƙafa ce ke ɗaga mutum, hannu riƙewa kawai yake yi, in ka ce da hannu za ka ja jikinka, nan da nan za ka gaji. Matso da ƙugunka kusa da dutsen. Silifas da babbar riga a bar su a ɗaki, a sa kambas mai kama ƙasa. In an yi ruwa a haƙura, dutsen santsi yake yi. Kuma saukowa ta fi hawa wuya, a rage ƙarfi dominta.

A sama, ga Kogin Ogun, ga jajayen rufin kwano iya ganinka. Gani ya kori ji. Tsoron bai tafi ba fa, ban ko matsa bakin dutsen ba, hotona ma a zaune aka ɗauka. Amma na gane ana iya tafiya da tsoro a jiki, ba sai an jira ya wuce ba. Satin da ya biyo baya na ɗaga hannu a aji na yi tambaya da Turancina yadda yake, abin da na shekara biyu ina gudu.

'Yan Akure, Idanre na kusa da ku. 'Yan Ife, ga Erin Ijesha. Ku haɗa kanku ku je, kada kowa ya tafi shi kaɗai, kuma a sanar da gida. Wa ya taɓa hawa a cikinku? Ya kuka ƙare da gwiwoyinku?

Allah Ya tsare mu, Ya mai da mu gida lafiya da sakamako mai kyau.