Abin da Ezio Ya Fi Altaïr da Shi

Yaron Dar Salam ta Omdurman da ke biyan kuɗin awa a shagon PlayStation ba ya yafe wa wasa mai maimaici. Assassin's Creed na 2007 ya kai shi Dimashƙa da Ƙudus, amma duk mutum taran da Altaïr zai kashe, hanyarsu ɗaya: laɓe, yankan aljihu, dukan mai labari. In ya faɗa ruwa kuwa, ajali ne. A 2009 Ubisoft ta kawo Ezio, mai iyo, mai raya garin baffansa. Babban gyaran dai shi ne dalili: a 1476, a Italiya, aka rataye mahaifinsa da 'yan'uwansa biyu yana kallo. Altaïr umarnin shugaba yake bi, Ezio kuwa fansar jininsa yake nema, mai wasa na taya shi.