Garam: Garin Da Samaniyarsa Ke Buɗe Kudu Da Arewa

Wanda ya tashi daga Suleja ya miƙi hanyar Kaduna, ya bar Dutsen Zuma a bayansa, idan ya isa Sabon Wuse sai ya ratse ta hanyar da ke zuwa Bwari. A kan wannan hanya Garam take, cikin Ƙaramar Hukumar Tafa ta Jihar Neja, dab da iyakar Babban Birnin Tarayya. Ƙasar Gwari ce mai duwatsu da gonakin doya da dawa, ko da yake tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura zuwa Abuja a 1991 baƙi suke ta kwararowa yankin, galibinsu waɗanda tsadar haya ta koro daga birni.

Da rana baƙo ba zai ga abin da ya bambanta Garam da sauran garuruwan gefen Abuja ba. Abin da ke gare ta sai dare ya yi, kuma sai an ɗaga kai sama. Garin yana kimanin digiri 9 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, watau wurin da mai kallo yake samun taurarin arewa duka, kana ya sami mafi yawan na kudu. Mutumin Ingila ko na Jamus bai sami wannan rabo ba, don kuwa akwai wani babban yanki na samaniyar kudu da ba ya taɓa fito masa har abada.

Amfanin wannan ya fi bayyana a kan abin da masana ke kira sufanoba, watau fashewar tauraro. Tauraro wuta ce mai cin kanta. Wanda ya ninka rana nauyi sau 8 ko fiye, yakan yi ta ƙona iskar da ke cikinsa yana mai da ita abubuwa masu nauyi, har cibiyarsa ta zama baƙin ƙarfe. To, ƙarfe ba ya ba da wuta. Nan take cibiyar sai ta rufta cikin abin da bai kai daƙiƙa guda ba, sauran jikin ya tarwatse da haske wanda na 'yan makonni yakan yi daidai da na dubban miliyoyin taurari. Akwai kuma wani irin, inda ƙaramin tauraro da ya riga ya mutu yake tara kaya daga maƙwabcinsa har ya fi ƙarfinsa ya fashe. Daga irin waɗannan fashe-fashe ne ƙarfen duniya ya samo asali, har da na garmar manomin Garam da wanda ke cikin jininsa.

A ƙarshen Afrilu na 1006, daidai da 396 ta Hijira, wani sabon tauraro ya bayyana a kudu, kuma har yau ba a rubuta labarin wanda ya fi shi haske ba. Ali bin Ridwan, likitan nan na Masar, ya gan shi yana saurayi, ya kuma rubuta cewa ya ninka Zara girma wajen sau biyu da rabi ko uku. 'Yan Sin da na Japan sun rubuta. Wasu malaman Kirista a ƙasar Suwizalan sun hango shi da ƙyar yana leƙe ta bayan duwatsu. Alhali kuwa a kan tudun da Garam take yau, tauraron nan ya hau kusan rabin hanya tsakanin ƙasa da tsakar ka. Duk wanda ke zaune a waɗannan duwatsu a lokacin ya fi Masar da Turai samun wurin kallo.

Haka kuma aka yi cikin Fabrairu na 1987, sa'ad da masu duban taurari a ƙasar Chile suka ga wani tauraro ya fashe a wani ƙaramin garken taurari da ke maƙwabtaka da namu. Haskensa ya yi shekara wajen 168,000 a hanya kafin ya iso. Turai ba ta gan shi ba ko kaɗan. A Garam kuwa yana fitowa da almuru, kimanin digiri 11 bisa ƙasa ta wajen kudu. Sai dai fa nan ne hazo ya fi kauri.

Wannan ita ce matsalar. Samaniyar da ke buɗe ba kullum take a sarari ba. Daga Afrilu zuwa Oktoba hadari ne da gajimare. Da damina ta ɗauke, ba a daɗe ba sai hunturu ya kawo ƙurar hamada. Bugu da ƙari, a kudu da Garam ne Kubwa da Abuja suke, kuma hasken fitilunsu yana haurawa sama ya dusashe ƙananan taurari a daidai ɓangaren da ya fi daraja. Ga kuma abin da ya fi duka ciwo: a farkon 2024 jaridu sun cika da labarin masu satar mutane a Garam da kewayen Bwari. Garin da ake kulle ƙofa da wuri, wa zai zauna a fili yana ƙirgar taurari?

Saboda irin waɗannan dalilai ne ba a kafa manyan madubin hangen nesa sai a kan tudu mai bushewa da duhu. A nahiyar Afirka babban misali shi ne Sutherland, wani ɗan gari mai tsananin sanyi a busasshen yankin Karoo na Afirka ta Kudu. Can ne a Nuwamba 2005 Shugaba Thabo Mbeki ya buɗe madubin da ake kira SALT, wanda aka haɗa da ƙananan madubai 91 masu kusurwa shida, faɗinsu gaba ɗaya wajen mita 11. Idan aka sami labarin sabuwar fashewa, madubi irin wannan ne yake tsattsage haskenta launi-launi, a gane irin ma'adinan da ke ciki da saurin da suke gudu. Gwamnatin ƙasar har doka ta yi a 2007 don kare wuraren duban taurari daga abin da zai gurɓata su.

Ba laifi ba ne a ce Garam ba ta dace da madubi irin na Sutherland ba; yanayin ƙasar ne haka. Amma kuskure ne a ɗauka cewa shi ke nan. Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, hedikwatarta tana Lugbe a Abuja, kuma tana da cibiyar nazarin taurari a Nsukka. Ƙura da gajimare da ke tare hasken ido ba sa tare yawancin igiyar rediyo da ke fitowa daga ragowar taurarin da suka fashe. Gana ta gane haka: a 2017 ta mai da wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse, kusa da Accra, ya zama na'urar sauraron samaniya. Har ila yau, ba babban madubi ne kaɗai ke gano fashewa ba. A Mayu 2023 wani Bajafane mai duban taurari don sha'awa, Koichi Itagaki, shi ya fara ganin wata babbar fashewa, sa'an nan manyan madubai na duniya suka juya wajen. Makarantar sakandare mai ƙaramin madubi da malami mai himma tana iya shiga irin wannan aiki cikin darare masu tsabta na bayan damina.

Rabon da a ga tauraro ya fashe a cikin garkenmu da ido tun 1604, kafin a fara duban sama da madubi. Ɗaya daga cikin waɗanda ake sa wa ido shi ne jan tauraron nan da Larabawa ke kira Yadul Jauza, Turawa kuma Betelgus. Daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairu 2020 ya dusashe ƙwarai, har wasu suka zaci ajalinsa ne ya zo. Da aka auna shi da babban madubin Turawa da ke Paranal a Chile, mai faɗin mita 8.2, sai aka ga ashe ƙura ce ya fitar ta rufe masa fuska, watau shi ma nasa hunturun ya yi. Masana sun ce zai fashe cikin shekara 100,000 masu zuwa, kuma in ya yi za a gan shi ko da rana, ba tare da ya cuci kowa ba saboda nisansa. Mai son ganinsa a Garam ba ya bukatar madubi: a ƙarshen Janairu, wajen ƙarfe 10 na dare, yana wucewa kusan daidai tsakar ka, inda ƙura da fitilun Abuja suka fi raunana.