Hanyar Da Ta Ɓace Ba Sallama

A ƙarƙashin teburin shagonmu da ke Agoe-Zongo, a arewacin Lome, akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba ta da allo, ba ta da madannai, murfinta na gefe ma ya daɗe da ɓata. Duk wanda ya shigo sayen tikitin waifai a kanta yake ɗora ƙafa. Amma ita ce shagon. Ta cikinta intanet yake bi ya isa gidajen layinmu, da direbobin manyan motocin Burkina da Nijar masu kwana a bakin titin da ya miƙe arewa, waɗanda kan sayi tikitin dala ashirin su kira iyalinsu. A cikinta kuma akwai wata 'yar manhaja da yayana ya rubuta da harshen C, ya bar mini ita gado da ransa, ranar da ya tattara ya tafi Libreville neman kuɗi.

Aikin manhajar ba shi da yawa a baki. Layi biyu muke da shi: babba, mai shigowa ta akwatin kamfani, da ƙarami na ko-ta-kwana, wato modem mai katin waya. Idan babban ya mutu, ta karkatar da kowa zuwa ƙaramin. Idan ya farfaɗo, ta mayar da su. Shi ke nan. Shekara biyu ina cin abinci da ita ban taɓa buɗe cikinta ba, kamar yadda mutum yake shan ruwan rijiya bai san wanda ya haƙa ta ba.

Bari in ɗan yi wa wanda bai san harkar ba bayani, don ni ma sai da wuya ta yi wuya na koya. Kwamfutar Linux take amfani da shi, shi kuwa Linux yana da zuciya da ake kira kanel. Kanel kaɗai ke taɓa waya da kati, shi kaɗai ke riƙe da kundin hanyoyi, inda aka rubuta ta wace ƙofa kowane saƙo zai fita. Babu manhajar da ta isa ta sa hannu a wannan kundi. Sai dai ta rubuta takarda ta miƙa ta wata taga mai suna netlink, wadda wani Barashe, Alexey Kuznetsov, ya daidaita mata tsari, ta zauna da gindinta tun Linux 2.2 na shekarar 1999. Takardar kuma tana da ƙa'ida kamar ta kotu. Kanta bayit 16 ne daidai: tsawon takardar, irin buƙatar, alamomi, lambar jeri, da lambar mai aikowa. Bayan haka kowane bayani sai ya faɗi tsawonsa da irinsa, a kuma cike shi ya faɗa kan ninkin huɗu. Ka kuskure bayit ɗaya, kanel ya dawo maka da lamba 22, ma'ana takardarka ba ta inganta ba. Ina ne bai inganta ba? Oho, kai ka sani. Sai a Linux 4.12, cikin 2017, aka fara ba shi damar ƙara 'yar jimla ta bayani. Namu kanel ɗin ya girmi wannan gata.

Karon farko da na buɗe rubutun yayana, a watan Satumba na 2017 ne, kuma a banza na buɗe shi. Intanet ya tsaya cak, na kwana ina bin layi bayan layi ina neman laifinmu. Ƙofa a buɗe, adireshi yana nan, hanya tana nan, amma ko tsinke ba ya wucewa. Da gari ya waye na ji a bakin masu shayi cewa rufe intanet aka yi a ƙasar saboda zanga-zanga. Daga baya, a watan Yuni na 2020, kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa wa doka. Ni dai abin da na tsira da shi a daren shi ne na san inda yayana ya ajiye kowane abu.

Matsalar gaske ta zo ne da daminar 2019. Wanda ya san unguwarmu ya san yadda watan Yuni yake: ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogin Zio ya cika, wuta kuma ta riƙa ƙiftawa. Abin mamaki, in an ɗauke wuta na awa uku, lafiya lau. Kwamfutar tana kan batir, manhaja ta koma ƙaramin layi, wuta ta dawo ta mayar da mu babba. Amma in wutar ta ƙifta kawai, ta tafi ta dawo kafin ka kunna tocila, to unguwa ta shiga duhun intanet ke nan, har sai na zo na kashe kwamfutar na kunna. Babban ciwo tana warkar da shi, ƙaramin ƙurji kuma ya kwantar da ita.

Na yi makonni ina kashewa ina kunnawa, ina ce wa mutane laifin ruwan sama ne. Har ranar da abin ya faɗa kan Hajiya.

Hajiya maƙwabciyarmu ce, sa'ar mahaifiyata. Atamfa take sarowa a babbar kasuwar Asigame ta aika wa masu shaguna a Yamai da Maradi. Cinikinta duk a WhatsApp yake: ta ɗauki hoton zane, a zaɓa, a turo kuɗi, ta ɗaure kaya ta kai tasha kafin mota ta tashi. A daren da nake magana, wata mai saye a Maradi tana jiran hotuna don kayan lefe, mota kuma da asuba za ta tashi. Wuta ta ƙifta wajen ƙarfe goma. Ni kuwa na tafi Adidogome gaisuwar rasuwa, wayata a kashe. Hajiya ta yi ta danna hotuna suna juyawa har ta gaji, katin wayarta babu ko sisi, ruwa kuma ya hana yaro fita sayowa. Kafin safiya waccan ta saya a wajen wata.

Da na je ba ta haƙuri ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Ɗana, ni ban san abin da ke cikin akwatinka ba. Kuɗin wata nake ba ka don kada in sani." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ruwan nan ne." Ta dube ni ta ce, "Ruwa a kan kowa yake sauka. Gidan wanda bai gyara jinka ba ne yake yoyo."

A daren na rufe shago da wuri. Na buɗe taga biyu a kwamfutar hannuna. A ɗaya na sa umarnin ip monitor, mai nuna duk shelar da kanel yake yi. Domin ban da amsa takarda, kanel yana da sanƙira: an buɗe ƙofa, ya faɗa, an cire adireshi, ya faɗa, an ƙara hanya, ya faɗa. A ɗaya tagar kuma ina kallon abin da manhajar yayana take rubutawa. Sai na zama mai ɗauke wutar da kaina. Na zare akwatin kamfani daga bango, na mayar nan take.

Ga abin da na gani. Akwatin ya mutu, waya ta yi sanyi, manhajar da ke karɓo mana adireshi daga kamfani ta cire adireshin. Kanel ya yi shela. Akwatin ya farfaɗo, aka dawo mana da adireshin nan dai na ɗazu. Kanel ya sake shela. Manhajar yayana ta duba littafinta ta rubuta cewa komai yana nan yadda yake. Na buga ip route don in ga kundin kanel da idona. Babbar hanyar fita, wadda duk saƙon unguwa yake bi, babu ita. Ta tafi, kuma ba wanda ya yi shelar tafiyarta.

Na maimaita ya fi sau goma, don ban yarda ba. Daga baya na gane ba sabon abu na tono ba, sanannen hali ne da masu wannan sana'a suka daɗe suna fama da shi. Idan aka rufe ƙofa, ko aka cire adireshi na ƙarshe da ke kanta, kanel yakan share hanyoyin IPv4 da suka rataya a kanta ba tare da ya aiko da saƙon RTM_DELROUTE ba. A ganinsa, tunda ya gaya maka adireshi ya tafi, sauran lissafin naka ne. Yayana kuwa ya gina komai a kan zaton duk abin da ya faru za a faɗa masa. Manhajarsa tana da littafinta, tana kwafe shela a ciki, kuma littafin take tambaya, ba kanel ba. In wuta ta daɗe, agogonta yakan cika ta koma ƙaramin layi, ta sake rubuta komai daga farko, kuskuren ya wanke kansa. In ƙiftawa ce, agogon bai cika ba, littafi ya ce hanya tana nan, ita kuma ta naɗe hannu.

Kakanmu mai gida ne a tsohon Zongo, fatake masu shanu daga arewa a wajensa suke sauka. Mahaifina yakan ce duk da yana da yaro mai rubuta masa lissafi, bai taɓa kwana bai je kara ya ƙirga dabbobin baƙinsa da idonsa ba. A daren nan na tuna da wannan, ina zaune a ƙasa da filogi a hannu.

Na kira yayana a Libreville, ƙarfe ɗaya saura. Na ce, "Yaya, me ya sa ba ka sake tambayar kanel bayan adireshi ya dawo?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wace manhajar?" Na tuna masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai, har yanzu abin nan yana aiki? Ai na mako biyu na rubuta shi, kafin mu sayi na'urar kirki." Shekara huɗu ke nan a lokacin.

Gyaran bai kai layi sittin ba, amma ya ci mini kwana tara. Na sa duk lokacin da aka yi shelar ƙofa ko adireshi, manhajar ta watsar da littafinta ta roƙi kanel ya karanto mata kundin gaba ɗaya, ta gwada da abin da ya kamata, ta cike giɓi. Ko ba shela ma, ta yi hakan kowane minti. Ina cikin wannan na ci karo da wani ramin. Shelar kanel a wani kwando take taruwa kafin manhaja ta ɗiba. In kwandon ya cika, kanel yakan zubar da sauran, ya bar maka alamar ENOBUFS kawai, wato ka yi asarar wasu saƙonni, nawa ne, waɗanne ne, ba zai faɗa ba. Yayana ya san da wannan. A daidai wurin ya rubuta 'yar sanarwa da Hausa, wadda kwamfuta ba ta karantawa: wannan ba zai faru ba. Na gyara nan ma.

Rana ta goma ina ba ƙanena labari cike da alfahari, yaron da ko aji uku na sakandare bai gama ba, sai ya ce, "To Yaya, me zai hana a jona akwatin kamfanin ma a batir?" Minti biyar aikin ya ɗauka. Ban ce masa komai ba, na dai saya masa tsire.

Tun daga nan nake bin labarin mutanen da ke riƙe da wannan ɓangare na Linux, irin su Stephen Hemminger da ya daɗe yana kula da iproute2, tarin umarnin da na yi amfani da su a daren. Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne rashin rusau. Linus Torvalds ya kafa musu doka cewa ba a karya manhajar da take aiki. Don haka in wuri ya yi kaɗan, ba a rushe shi, sai a yi ɗaki a gefe. Gurbin lambar kundin hanyoyi bayit ɗaya ne tun asali, ba ya wuce 255. Da aka buƙaci fiye da haka, sai aka ƙara sabon bayani mai suna RTA_TABLE, tsohon gurbin kuma yana nan. Tsohon umarnin ifconfig, wanda Debian ta daina sakawa da kanta tun fitowa ta 9 a 2017, in ka ɗauko shi yau kanel zai amsa masa ta tsohuwar ƙofarsa. Shi ya sa rubutun mako biyu na yayana yake numfashi har yanzu. Shi ya sa kuma halin nan na share hanya a ɓoye ya daɗe haka: gidan da ba a rushewa, har tsagar bangonsa ake gada.

Ni da na tashi a unguwar da aka taɓa kwashewa, wannan yana taɓa ni fiye da yadda ya kamata. A 1977 aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome, aka kawo iyayenmu nan, kilomita goma sha wani abu daga kasuwar da suke ci a cikinta. Kakata har ta rasu, in mun wuce ta gaban dogayen gine-ginen bankunan da ke wurin yanzu, takan nuna da baki ta ce nan ne ƙofar gidanmu. A littafinta hanyar tana nan.

Na kai wa Hajiya kuɗin watanta a ambulan. Ta karɓa ta ƙirga a gabana, ta zare jaka ɗaya ta miƙo mini ta ce in sayi man fitila, tunda ta ji kwana nake a shago. Mai sayen Maradi ba ta dawo ba. Har yau in ta leƙo shagon ba ta tambayar ko akwai intanet, sai ta ce, "Ɗana, ka je ka ƙirga?"

Sanarwar yayana kuwa ban goge ta ba. A ƙarƙashinta na ƙara layi ɗaya: ya faru, damina 2019.